Yadda ake sakin baki da Larabci ta hanyar wasan kwaikwayo

Ɗalibi yakan sauka Madina daga Kano ko Damagaram da nahawu cike da kai, ya san mubtada da habari, amma a tsayar da shi gaban mai dabino sai baki ya ɗaure. Abin da ake karantarwa a Jami'ar Musulunci fusha ce, wato Larabcin littafi, kasuwa kuwa da lahajar Hijaz take magana. Mutum 4 ko 5 a ɗakin kwana bayan Isha sun isa a gyara wannan, ba tare da an kashe ko riyal ɗaya ba.

Ku fara da zaɓen wurin da gobe ma za ku iya shiga: shagon dabino, kantin magani, cikin tasi, ko gaban jami'in da ke duba iƙama, wato takardar izinin zama. Labarin sarakuna da yaƙe-yaƙe a ajiye shi, ba wanda zai tambaye ku takobi a titi. Kada wasa ya wuce minti 5.

Inda sababbi ke faɗuwa shi ne rubuta maganganun. Mu da muka tashi da allo hadda ba ta ba mu wuya, sai ka ga mutum ya haddace layinsa tsaf, yana rerawa kamar mai tilawa, abokinsa na sauya kalma ɗaya ya tsaya cak yana kallon rufi. Don haka ba a rubuta zance. Kowa a ba shi 'yar takarda da buƙatarsa, ɗayan bai san abin da ke ciki ba. Mai saye riyal 30 ne kacal a aljihunsa, kuma dabinon Ajwa yake so ya aika wa mahaifiyarsa. Mai shago an gaya masa kada ya sauko ƙasa da 45, ya yi ta tura masa Safawi, wani irin dabinon daban. To, a nan dole "bikam?" (nawa?) da "abga" (ina so) da "marra gali" (ya yi tsada sosai) su fito da kansu, don ciniki ya kama. Wanda kalma ta ɓace masa ya yi nuni ko ya kewaya, Hausa dai an rufe ƙofarta sai an tashi.

A kowane ɗaki akwai ustazun da ba ya iya jin an yi kuskuren i'irabi ya yi shiru. A ba shi waya ya ɗauki murya, ya riƙe gyaransa. Bayan wasa a saurara tare, kowa a gyara masa abu 3 kawai, fiye da haka gobe ba zai dawo ba.

In kuna da ɗan'uwa Bahaushe haifaffen nan, ku jawo shi ya zama mai shago, saurin bakinsa shi ne ainihin jarrabawar. Shayi da gurasar tamis sun ishe shi lada.

Sai a musanya matsayi, a sauya takardu, a maimaita. Ranar Asabar ku fita kasuwar dabino, wanda ya fi noƙewa a ɗaki shi zai yi cinikin.