Yadda zaka kunna gwajin da kake so kawai daga taminal, ka tsallake sauran

Duk wanda ya taɓa aiki a kan manhaja mai gwaje-gwaje da yawa ya san wannan wahalar, ka gyara layi ɗaya tak a kod ɗinka, ka buga `pytest` (manhajar kunna gwaje-gwajen kod a harshen Python) ka zauna kana kallon ɗigo-ɗigo suna tafiya minti goma sha biyar, alhali gwaji biyu ne kawai suka shafi abin da ka taɓa. Daga nan mutum ya fara ƙyuyar gwajin gaba ɗaya, kuma wallahi nan ne ɓarna take shigowa. Toh bari in nuna maka yadda nake zaɓa, da pytest zan yi misali don shi na fi riƙewa.

Hanya mafi sauƙi ka bashi adireshin gwajin kai tsaye. `pytest tests/test_biya.py` zai kunna fayil ɗin kaɗai, in kuma gwaji ɗaya kake so a ciki sai ka ƙara `::` da sunansa, kamar `pytest tests/test_biya.py::test_ragi`. In yana cikin aji ne sai sunan ajin ya shiga tsakiya. Wannan babu ruɗu a ciki, abin da ka rubuta shi zai gudu.

Sai `-k`, wanda shi kowa ya fi so don baya buƙatar ka tuna cikakken suna. `pytest -k biya` zai ɗauko duk gwajin da akwai "biya" a sunansa, kuma yana gane `and` da `or` da `not`, kaga zaka iya cewa `pytest -k "biya and not kati"`. Amma dan Allah ka tsaya nan ka fahimci yadda yake nema, don ba cikakkiyar kalma yake dubawa ba, guntun haruffa yake bi duk inda ya gansu, bai damu da babban baƙi ko ƙarami ba, kuma ba sunan gwajin kawai yake kallo ba har da sunan fayil da na ajin da yake ciki. Akwai lokacin da nake aiki ba tare da rumbun bayanai a kunne ba, na riƙa amfani da `-k "not db"` don in cire gwaje-gwajen rumbun (db gajarcen database ne) kusan sati guda, komai kore, hankalina kwance. Ashe duk gwaje-gwajen `test_feedback.py` an cire su tun ranar farko, saboda a tsakiyar kalmar akwai d da b a jere. Na lalata wani abu a wajen ban sani ba, sai da aka haɗa aikin abokin aikina ya gano. Abin ya dame ni sosai don pytest ɗin ya faɗa min, a layin ƙarshe yana rubuta adadin waɗanda suka wuce da adadin `deselected`, wato waɗanda aka cire, ni ne bana karantawa, launin kawai nake kallo.

Tun daga ranar kafin in yarda da kowane `-k` sai na fara buga shi tare da `--collect-only -q`. Wannan baya kunna komai, jerin sunayen da zaɓinka ya kama kawai zai zubo maka, cikin daƙiƙa kaɗan ka gani da idonka ko abin da kake nufi ne.

In rukunin gwaji ne da kullum kake ware shi, irin masu jinkiri ko masu buƙatar intanet, kar ka dogara da suna, ka saka musu alama. A saman gwajin ka rubuta `@pytest.mark.jinkiri`, sannan `pytest -m "not jinkiri"` zai bar su, `pytest -m jinkiri` kuma su kaɗai zai kunna. Ka yi rajistar alamar a ƙarƙashin `markers` cikin `pytest.ini` ko `pyproject.toml`, ka kuma kunna `--strict-markers`, don in wani ya yi kuskuren rubutu ya sa `jinkri` a kan gwajinsa pytest ya tsaya da kuskure, maimakon ɗan gargaɗin da ba mai karantawa. In baka san waɗanda suke cinye maka lokacin ba, `--durations=10` zai nuna maka goma mafi jinkiri, kuma sau da yawa zaka tarar 'yan ƙalilan ne suke riƙe kowa.

Cire gwaji ɗaya na yau kawai, `--deselect tests/test_rahoto.py::test_pdf`, zaka iya maimaitawa sau nawa kake so. Folda gaba ɗaya kuma `--ignore=tests/tsoho`, shi ko buɗe fayilolin baya yi, yana da amfani in akwai fayil ɗin da tun wajen `import` yake faɗuwa.

Wanda na fi ƙauna a lokacin gyara shine `--lf`. Kace gwaji 400 ka kunna 7 suka faɗi, `pytest --lf` waɗannan 7 ɗin kawai zai maimaita, yana tuna su ne a foldar `.pytest_cache`. Ka haɗa da `-x` ya tsaya a faɗuwar farko, ka gyara, ka sake bugawa, haka haka har su ƙare. `--ff` kuma kowa zai kunna amma waɗanda suka faɗi su zai sa a gaba.

Akwai bambanci tsakanin wannan duka da `skip` da ake rubutawa cikin kod. Zaɓin taminal naka ne kai kaɗai, ka rufe taga ya tafi, amma `@pytest.mark.skip` yana zama a fayil ya shafi duk wanda ya ɗauki kod ɗin, kuma mutane suna mantawa dashi shekara da shekaru. In dole ne ka sa, ka rubuta `reason` mai ma'ana, ko ka yi amfani da `skipif` mai sharaɗi, misali gwajin da baya aiki a Windows. In kuma matsala ce da aka sani ba a gyara ba tukuna, `xfail` ya fi dacewa don shi yana kunna gwajin, ranar da ya fara wucewa zaka gani. Lokaci-lokaci ka buga `pytest -rs` ka karanta dalilan duk waɗanda aka tsallake.

Sauran harsuna ma tunanin ɗaya ne. A Go `go test -run Biya ./...`, kuma tun Go 1.20 akwai `-skip`, sai dai ka lura in zaɓinka bai kama komai ba zai rubuta `ok` abinsa da ɗan `no tests to run` a gefe, shi ko pytest lamba 5 yake dawowa da ita in bai samu gwaji ko ɗaya ba. Jest na JavaScript yana da `-t`, irin `-k` ɗin pytest. A Maven na Java `-DskipTests` yana harhaɗa gwaje-gwajen baya kunna su, `-Dmaven.test.skip=true` ko harhaɗawar baya yi.

Wasu suna saka `-m "not jinkiri"` cikin `addopts` na `pytest.ini` ko `pyproject.toml`, wato zaɓuɓɓukan da pytest yake ƙarawa da kansa duk lokacin da aka kunna shi, don kar su riƙa bugawa kullum. Ni ban cika so ba gaskiya, saboda sabar da take gwada kod kafin a haɗa ita ma fayil ɗin take karantawa, sai masu jinkirin su daina gudu a ko'ina. In kun riga kun sa, toh a umarnin sabar ku rubuta `pytest -m "jinkiri or not jinkiri"`, na layin umarni shi yake danne na cikin fayil, sannan ka duba layin ƙarshe ka tabbatar babu `deselected` ko ɗaya kafin ka tura.