Kurakuran da yaran wayarin ke yi da filogi mai launin ja, mai layi uku

Na gaji da ganin soket mai makunni an ɓalle masa makulli. Da gangan aka ƙera shi haka: makunnin ba ya murɗuwa sai filogi ya shige har ƙarshe, filogin kuma ba ya fitowa sai an kashe wuta. Yaro zai ja, ya ji ya ƙi, sai ya ce ya lalace, ya sa sukundireba ya ɓamɓare. Volt 400 ce fa, inji kuma na kan aiki! Zare filogi a wannan hali na tayar da tartsatsin da ke cinye tagulla, ya gasa hannu da fuska. Shi ya sa manyan filogi, masu amfiya 63 da 125, ake yi musu gajeriyar ƙafa a tsakiya, wadda ke fara rabuwa ta sa kontakta, wato makunnin da ke aiki da kansa, ya katse wuta tun sauran ba su rabu ba. Da yawa ko waya ba sa haɗa mata.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne sakaci da wuyan filogi, inda ake matse kebul. Wani yarona ya haɗa mai ƙafa biyar a wani gidan burodi, bai matse wuyan ba. Kullum da kebul ake fizgo shi, har wayar nutural, wadda wuta ke komawa ta cikinta, ta zame. Wutar da ya kamata ta tsaya a 230 ta haura, ta kwashe fitilu da fankoki da firji. Ni na biya, ina ji ina gani. Malam, in ka gama ɗauri ka ja kebul ɗin da ƙarfinka, in ya motsa ka sake. Ni wayar ƙasa ma, wato ta kariya daga jan wuta, nakan bar ta ta ɗara sauran tsawo, don ta zama ta ƙarshen tsinkewa.

Launi ba ado ba ne: ja na 400, shuɗi na 230, rawaya na 110. In filogi ya ƙi shiga, ba soket ɗinsa ba ne, kada ka goge masa tudun nan na gefe, mai hana shi shiga soket ɗin da ba nasa ba, da zarto.

Inji na juyawa baya? Musanya layi biyu kawai, kada ka taɓa nutural ko wayar ƙasa.

Inda ake wanke-wanke da tiyo sai filogi mai zoben murɗawa, mai lambar kariyar ruwa IP67. Mai murfi kaɗai, IP44, fantsamar ruwa kawai yake tarewa. Cusa tsirarar waya a ramin soket a tokare da tsinken ashana kuwa, duk yaron da na kama, ranar ya bar shagona.