Kafin ka taya gida, ga lissafin da nake sa mutane su yi

Duk wanda ya zo mini da maganar sayen gida, nakan miƙa masa takarda da biro in ce ya rubuta farashin da mai gida ya faɗa a can sama, ya ja layi a ƙarƙashinsa. Abin da za mu jera a ƙasan layin nan shi ne ke kayar da mutane. Sai ka ga mutum ya tattara duk abin da ya mallaka ya biya kuɗin gida cif, ranar da aka ba shi mabuɗi kuma ba shi da ko na ɗaukar kaya.

Fara da kuɗaɗen da ake biya sau ɗaya. Akwai la'adar dillali, wadda yawanci kaso ce daga farashin gidan, don haka tun kafin ya kai ka ganin gida ka tambaye shi kashi nawa ne, kuma wa zai biya, kai ko mai sayarwa ko ku biyun. A rubuta. Akwai kuɗin lauya, da na safiyo idan ana bukatar a sake auna filin, da harajin da hukuma ke karɓa idan mallaka ta sauya hannu, da kuɗin rajistar takardu da sunanka. Adadinsu ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, shi ya sa nake cewa ka je ofishin da ke rajistar filaye da ƙafarka ka karɓi jerin kuɗaɗen, kada ka dogara da "ai ba su da yawa" ta bakin dillali.

A cikin waɗannan, lauya ne ba na yarda a yi wa rowa. Ka ɗauki naka, wanda ba shi da alaƙa da mai gidan, ya bincika ko sunan da ke kan takarda na mai sayarwar ne, ko an jinginar da gidan a banki, ko gado ne da wasu magada ba su sa hannu ba, ko akwai shari'a a kansa. Kuɗin kafin alƙalami ma kada ya fita daga hannunka sai an rubuta sharaɗin da za a mayar maka da shi idan takardu suka ƙi fita tsaf.

Sai duba gidan kansa, kuma a nan ne rangwame na gaske yake ɓoye. Ka koma sau biyu, ɗaya da rana tsaka, ɗaya kuma bayan an yi ruwan sama in hali ya yi. Ɗaga kai ka kalli silin: tabo mai ruwan ƙasa da ya yi zobe alamar yoyo ce. Idan bango ɗaya tak ya sha sabon fenti sauran na da tsoho, shafa tafin hannunka a gindinsa ka ji ko da danshi. Siririn tsagi a filasta ba abin damuwa ba ne, amma wanda ya taso daga kusurwar taga ya yi gicciye, har kana iya zura bakin mabuɗi a ciki, yana iya nufin harsashin ginin yana zama. Ƙofar da sai an sa kafaɗa take rufuwa takan ba da labari iri ɗaya. Buɗe famfunan gaba ɗaya a lokaci guda ka ga ƙarfin ruwan, ka kora ruwa a banɗaki ka tsaya ka ga ko yana wucewa. Bayan naka idon, biya injiniya ya rubuta rahoto tare da kiyasin kuɗin gyara. Da wannan takardar za ka zauna ciniki. "Rufin nan sai an canja shi, ga kiyasi" ta fi "don Allah a rage mini" ƙarfi nesa ba kusa ba.

In da bashin banki za ka saya, to nan ne babban kuɗin yake, kuma mutane sun fi kallon abin da za su riƙa biya duk wata, su manta da jimilla. Ɗauki misalin rancen 1,000,000 na kowane irin kuɗi, da ruwa kashi 10 cikin ɗari a shekara. In za ka biya cikin shekara 30, duk wata kusan 8,776 ne, jimilla wajen 3,159,000. In shekara 20 ce, duk wata 9,650, jimilla wajen 2,316,000. Ƙarin da bai kai 900 ba a wata ya hana ka asarar sama da 840,000. A shekara 15 kuwa, 10,746 ne a wata, jimilla wajen 1,934,000.

Dalili shi ne a farkon biya ruwa ke cinye kusan komai. A tsarin shekara 20 ɗin nan, cikin 9,650 na watan farko, 8,333 ruwa ne, 1,317 kacal ke rage uwar kuɗi. Saboda haka duk abin da ka ƙara a shekarun farko yana da albarka sosai, muddin yarjejeniyar ba ta sa tara ga mai biya da wuri ba. Tambayi wannan kafin ka sa hannu. Ka kuma zaga bankuna uku ko huɗu, domin sauko da ruwa daga kashi 10 zuwa 9 a wannan misali na shekara 20 yana rage maka kusan 157,000. Ka tantance ko ruwan tsayayye ne ko mai hawa da sauka. Irin na biyun yana cikin abin da ya raba ɗimbin mutane da gidajensu a Amurka wajen 2008, lokacin da sauƙin shekarun farko ya ƙare, biyan wata ya yi tsalle.

Wanda ke gudun bashi da ruwa yana da murabaha, inda banki zai sayi gidan ya sayar masa da ribar da aka yanke tun farko, ko musharaka, inda za su mallaki gidan tare yana sayen kason bankin kaɗan-kaɗan yana biyan hayar ragowar. Su ma ba kyauta ba ne. Tambaya ɗaya ce a ko'ina: nawa zan biya gaba ɗaya daga yau zuwa ranar ƙarshe?

Bayan an shiga gida kuma akwai inshora, da harajin gida inda ake karɓa, da gyare-gyare. Masu lissafin gidaje kan ba da shawarar a ware kusan kashi 1 cikin ɗari na darajar gidan duk shekara don gyara, tsohon gida kuwa ya fi haka ci. Ka haɗa da kuɗin zuwa wurin aiki, don gida mai araha a bayan gari yakan karɓe rangwamen a mai ko kuɗin mota.

Ni dai ra'ayina, kayan ɗaki su jira. Kujerun da kake da su za su iya shekara guda a sabon falo, amma yoyon rufi ba ya jira. Gyara rufi da wayoyin lantarki da bututun ruwa tun gidan yana wayam, domin ma'aikata sun fi sauri kuma ba sai ka sake fasa tayil daga baya ba. In ka tara komai a ƙasan layin nan ka ga ba za ka rage da kuɗin cefanen wata uku zuwa shida a ajiye ba, rage tayinka ko ka nemi gidan da bai kai wannan tsada ba.