Yadda Ake Nemo Sitabilaizar Baya da Auna Linkeji ga Motar da Aka Rage wa Tsayi

Mako biyu da sauke Accord ɗina ta 2005, wadda 'yan Legas ke kira EOD, wato rage mata tsayi, na fara jin ƙwas-ƙwas daga baya duk sanda na hau tudun rage gudu a Agege. Wani bakanike ya leƙa, ya ce linkeji ne ya yi tsawo, ya yanke shi da zarto ya haɗa da walda. Ban fi kwana goma ba waldar ta ɓalle a hanyar Ikorodu, guntun ƙarfen yana lilo dab da tiyon birki. Allah ne ya kiyaye. Tun ranar ba na yarda a taɓa mini wannan wuri da kintace, sai da tef a hannu.

Sitabilaiza sandar ƙarfe ce mai lanƙwasa biyu da ke haɗa tayar hagu da ta dama. Idan mota ta kwanta gefe guda a kwana, sandar na murɗewa, ta hana bodi rinjaya. Linkeji su ne 'yan gajerun sandunan da ke riƙe bakinta biyu. Da ka sauke mota, bodi ya yi ƙasa, taya na nan inda take, sai hannun sandar ya karkace daga yadda kamfani ya ajiye shi. Ƙarar da cinye bushin, wato robar da sandar ke zaune a ciki, duk daga nan suke.

Mataki na farko, ka shiga rami ka ga irin ƙafar bayan motarka. Corolla ta 2003 zuwa 2013 da ta cika garin nan tana da ƙarfe guda ne da ya ratsa daga taya zuwa taya, sandarta a jikinsa ake ɗaure ta da noti, babu linkeji sam. Mai irin wannan ya huta da rabin aikin. A Camry ta 2007 zuwa 2011 kuwa, linkeji a jikin shokoziba yake kamawa. Ka ɗauki hoto da waya ta kowane ɓangare, ka kuma kwafi lambar shasi, don za a tambaye ka a kasuwa.

Na biyu, auna kaurin sandar da ke jiki. In babu kalifa, wato ma'aunin kaurin ƙarfe, ga dabarar gareji: goge wuri miƙaƙƙe kusa da bushin, ka riƙa zura sufana mai buɗaɗɗen baki, 14, 16, 17, wadda ta shiga cif ita ce kaurin a milimita.

Nan ne mutane ke zarce gona da iri. Taurin sanda ba ya tafiya daidai da kaurinta, yana ninkuwa ne sosai: a sandar da ba ta da rami a ciki, tashi daga milimita 16 zuwa 19 kusan ninka taurin ne sau biyu. Milimita uku kacal. A motar da ke ja da tayoyin gaba, sanda mai tauri a baya tana sa hancin mota ya bi kwana da daɗi, ya daina turjewa waje. Amma in taurin ya yi yawa, bayan motar ne zai riƙa zamewa, musamman in ka ɗaga ƙafa daga totur a tsakiyar kwana. Ka tuna ruwan Yuni da Yuli a Legas, da man da tankoki ke ɗigarwa a hanyar Apapa. Ni dai shawarata, ƙarin milimita biyu zuwa uku ya ishi motar zuwa aiki da kai yara makaranta.

Na uku, kasuwa. Ladipo da ke Mushin ita ce wurin farawa in tokumbo kake so, akwai kuma Owode Onirin. Sababbin kaya a kwali sun fi samuwa a ASPAMDA da ke Trade Fair a hanyar Badagry. Ka kwance tsohuwar sandarka ka tafi da ita a hannu, mota na tafiya a hankali ba tare da ita ba. A bakin kasuwa dillalai za su tare ka da "Oga, me kake nema?" Ka ce sitabilaizar baya, ka faɗi mota da shekara, kada ka sayi komai sai ka isa shagon da kanka.

Sau da yawa sanda mai kauri tana jikin 'yar'uwar motarka ne. Ta bayan Acura TL ta 2004 zuwa 2008 tana hawa Accord ta 2003 zuwa 2007, ita na saka a tawa. Duk da haka ka shimfiɗa su biyun a ƙasa, ɗaya kan ɗaya: faɗi daga huda zuwa huda, wurin zaman bushin, da lanƙwasar da ke kauce wa salansa duk su zo ɗaya. Ka duba tsatsa a inda bushin ya zauna, don nan take cin ƙarfe a ɓoye. Wadda aka taɓa gasawa da wuta aka miƙar, ko aka yi wa walda, bar musu kayansu ko da kyauta ce. Ka ɗaga ta ka ji nauyi, domin mai rami a ciki ba ta kai taurin cikakkiya mai kauri ɗaya da ita. Kada ka baro wurin sai da bushin da ya dace da sabon kaurin, da kunnuwan da ke riƙe shi.

Na huɗu, auna linkeji, wanda shi ne zuciyar aikin. Ka bari sifirin ya zauna tukuna, ka yi 'yan kwanaki kana hawa motar bayan an sauke ta. Ranar awo a daidaita iskar tayoyi, mota ta tsaya kan ƙafafunta huɗu a bisa rami mai shimfiɗaɗɗen baki. Ba a awo mota na kan jak, duk abin da aka samu a haka ƙarya ne. A ɗaura sandar da bushin ɗinta, a cire linkeji duka biyu, sai a juya hannun sandar har ya kwanta kusan daidai da ƙasa. A haka za a sa tef daga tsakiyar hudar sanda zuwa tsakiyar hudar da linkeji ke kamawa. Tsakiya zuwa tsakiya, ba baki zuwa baki ba. A rubuta na hagu, a rubuta na dama. Abin da ake so shi ne linkeji ya tsaya kusan a miƙe bisa hannun sandar, kamar kusurwar ɗaki.

Za ka ji ana cewa motar da aka sauke gajeren linkeji take so. Ba kullum ba. In sandar tana sama, linkeji ya sauko ya kama ƙafar taya, gajere ake nema. In kuma linkeji daga jikin shokoziba ya sauko ya riƙe sandar a ƙasa, mai yiwuwa dogo za ka buƙata. Shokoziba mai zare da ake murɗawa a sauke mota kuwa, kowane kamfani da inda yake liƙa kunnensa. Tef ne alƙali.

Da awon a hannu, hanya biyu ce. Ko ka nemi linkeji na wata mota mai wannan tsawo, ko ka sayi mai zare da ake ƙarawa a rage. Na fi son na biyun, ka zaɓi wanda awonka ya faɗa tsakiyar iyakarsa. Ka lura da kaurin kusar kansa, akwai mai milimita 8, da 10, da 12. Siririya a cikin babbar huda ƙara za ta dawo maka da ita cikin mako.

Na biyar, ɗaurawa. Ka zauna a kujerar direba, ko wani mai nauyinka ya zauna. Bakanike ya ɗaure ɓangare guda, sannan ya murɗa ɗayan har kusar ta shige hudar da hannu kawai, ba guduma, ba banƙara da rodi. In sai an danne sandar kafin ta shiga, motar za ta riƙa bin kwanar hagu daban da ta dama. Zaren da ya shige ciki kada ya gaza kaurin kusar sau ɗaya da rabi, a kuma ƙulle notin da ke hana shi warwarewa. Bushin na roba ba ya son giris na mai, yana kumbura shi. Mai tauri irin na foliyuretan kuwa sai da giris na silikon, in ba haka ba kuka zai yi ta yi.

Sai a ɗaga motar a jak tayoyi su sauko iyakarsu. A duba kada linkeji ya miƙe layi ɗaya da hannun sandar, don yana iya kifewa ta baya, kada kuma ya gogi tiyon birki, wayar ABS ko salansa.

Gwaji a fili marar cunkoso ake yi, da sassafe, a hankali, ba a kan gadar Third Mainland ba. Bayan mako guda ka koma rami a sake bin notuna da sufana. Wanda ke ratsa ruwan Lekki da damina ya riƙa leƙa robar kan linkeji, da zarar ta tsage ruwa da yashi sun shiga, a canza duka biyun tare.