Darasi Na Bakwai: Karatun Lambobin Munazzim Ɗin Sola

Tun da yaƙi ya ɓarke a nan Sudan a watan Afrilun 2023, wutar da ke zuwa mana daga madatsun ruwan Rusairis da Marawi ta zama baƙuwa, yau ta leƙo, gobe shiru. Shi ya sa gidaje da yawa a Maiurno da Sinja da Gadarif suka ɗora faifan sola a kan rufi. Kayan guda uku ne: faifai a sama, batir a ƙasa, sai ƙaramin akwati mai daidaita caji a tsakaninsu. A kasuwannin nan sunansa munazzim. 'Yan uwanmu na Kano da Damagaram kuma kwantirola suke ce masa.

Kwanakin baya wani dattijo a ajinmu ya zo da ƙorafi.

"Malam, an cuce ni. Batirin da na saya bai shekara ba, yanzu ko fanka ba ya juyawa bayan isha'i."

"Baba, da asuba wace lamba kake gani a gilashin munazzim?"

"Ni ina ruwana da lamba? In kwan ya kama ai shi ke nan."

Muka je gidan. Batirin ba jabu ba ne. Lamba ɗaya ce a cikin akwatin ta kashe shi, kuma da ita na'urar ta fito daga kamfani. Za mu iso kanta.

Fara da karanta lambar

Mu nan mun saba da lambobin Larabci, na'urar kuwa da na boko take magana. Ku kula da biyu. Shida ta Larabci, ٦, tana kama da 7 ta boko. Biyar ta Larabci, ٥, tana kama da 0 ta boko. Wanda ya rikita waɗannan zai karanta 12.7 a matsayin 12.6, ko 14.0 a matsayin 14.5, kuma a wurin batir wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Ɗigon da ke tsakiya shi ma a faɗe shi: 12.6 ana karanta ta "sha biyu, ɗigo shida". Harafin V da ke gefe yana nufin bolt, wato ƙarfin wutar da ke cikin batir. Harafin A yana nufin amfiya, wato yawan wutar da ke kwarara a lokacin.

Batir mai bolt 12 na dalma, in ya huta awa biyu ko uku ba caji ba aiki, yakan nuna 12.6 zuwa 12.8 idan cike yake. In ya nuna kamar 12.1 ko 12.2, rabi ya tafi. In ka ga 13 da wani abu da rana tsaka, kada ka yi murna da wuri. Wannan turin faifai ne, ba cikar batir ba.

Wane irin batir gare ka?

Wannan ne saiti na farko. Akwai mai ruwa, wanda ake buɗe murafunsa a ƙara masa tataccen ruwan da ake sayarwa don batir. Akwai rufaffe, da mai jel. Sai lithiyam, mai tsada, mara nauyi. Ƙananan munazzim masu shuɗin fuska sukan nuna b1, b2, b3, amma ma'anarsu tana canzawa daga kamfani zuwa kamfani. Don haka takardar da ta zo a cikin kwali ita ce alƙali. Kada a kunna gawayin shayi da ita.

Yadda caji yake tafiya

Mai cika tulu a bakin kogi da farko juye ruwa yake yi da ƙarfi. Da ya kusa wuya sai ya sassauta hannu. Haka munazzim yake yi. Da safe yana sakar wa batir duk abin da faifai ya kawo, har lamba ta hau iyakar da aka sa mata. A wasu na'urori an rubuta BOOST a wurin, a wasu ABSORB. Ga mai ruwa iyakar takan kama 14.4 zuwa 14.6, rufaffe 14.4, mai jel 14.2. Yana riƙe batir a nan kamar awa biyu, sannan ya sauko zuwa lambar hutu, wadda aka rubuta FLOAT, wajen 13.6 zuwa 13.8. A cikin lambobin caji, masu arhar na'urori wannan lambar kaɗai suke barin ka taɓa.

Akwai kuma EQUALIZE, caji mai ƙarfi da ake yi kamar sau ɗaya a wata don ruwan batir ya motsa. Na mai ruwa ne. In jel gare ka ko lithiyam, kashe shi.

Duk waɗannan lambobi an auna su ne a ɗaki mai zafin digiri 25. Mu kuwa a Afrilu da Mayu zafinmu yana haura 40. Batirin dalma in ya yi zafi, ƙaramin caji yake so. Ƙa'idar da kamfanoni da yawa ke bi ita ce rage 0.018 na bolt ga kowane digiri ɗaya sama da 25. Mu yi lissafi tare: 40 a cire 25, saura 15. 15 sau 0.018 ya ba mu 0.27, mu ce 0.3. Ashe 14.4 ta koma 14.1 ke nan a lokacin bazara. Munazzim mai ma'aunin zafi shi yake yin wannan ragin da kansa, kada ka ƙara ragewa. Wanda ba shi da ma'auni, kai ne ma'auninsa. Alamar caji ya yi yawa ba ta ɓuya: ruwa yana saurin ƙafewa, gefen batir yana kumbura, ɗaki yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Lithiyam ba a yi masa wannan ragin.

Lambar da ta kashe batirin Baba

Munazzim yana da iyakar ƙasa. In batir ya sauko gare ta, sai ya yanke wa fitilu da fanka wuta. Yawancin masu arha suna zuwa da 10.7. Wasu masu ɗan tsada 11.1. A ganina duka biyun sun yi ƙasa ga wanda yake son kuɗinsa. Batirin da ya kai 10.7 ba abin da ya rage a cikinsa, an tatse shi ƙaf. Idan aka maimaita haka kullum dare, wani farin gishiri yana daskarewa a jikin farantan dalmar da ke ciki, kuma in ya ƙanƙame ba ya narkewa. Batirin da aka rubuta wa 100Ah, wato awon yawan wutar da yake iya ajiyewa, sai ya koma yana ɗaukar abin da bai kai rabi ba. Jakin da ake yi wa lodi har ya durƙusa kowace rana, ba ya ganin damina biyu.

Ɗaga lambar zuwa 11.8, ko 12.0 in kayan da kake kunnawa ƙanana ne. Lambar dawo da wuta kuma, wadda takan zo a 12.6, bar ta yadda take. Ranar farko za a yi maka gunaguni a gida, don fanka za ta tsaya kafin asuba. Na'urar ba ta lalace ba. Gaskiya ta faɗa maka: kayanka sun fi ƙarfin batirinka.

Ga yadda ake ganewa. Batir 100Ah sau bolt 12 ya ba da 1200, wato wat 1200 na tsawon awa ɗaya. Rabi kawai ya halatta ka ci, wato 600. Fanka mai wat 20 ta awa 10 ta ci 200. Kwan fitila 4 masu wat 5, awa 5, sun ci 100. Talabijin mai wat 40, awa 4, ta ci 160. Jimla 460, ba a sa cajin wayoyin maƙwabta ba. Kana cikin iyaka, amma da ƙyar. In habub ta taso ta lulluɓe faifai da ƙura, washegari batirin ba zai cika ba, lissafin ya rushe. Tsumma mai laushi da ɗan ruwa da sassafe, kafin gilashin ya yi zafi, ya wadatar.

Inbata kuwa, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin wutar gida, ba a ɗaura ta a ramukan fitila na munazzim. Kai tsaye ake haɗa ta da batir, da fis a tsakani. Amma a sani, in aka yi haka iyakar nan ta 11.8 ba ta shafe ta ba. Ita inbata da tata iyakar, kuma yawanci ƙasa take sosai. Mai inbata shi zai riƙa leƙa gilashi da dare.

Taɓa maɓallai

Yawanci maɓalli uku ne. Na farko yana zagayawa da kai daga lamba zuwa lamba. In ka iso wadda kake so, danne shi ka riƙe har ta fara ƙyaftawa, ka ɗaga ko ka sauke da sauran biyun, ka sake dannewa ta zauna. Kafin ka canza komai, rubuta tsohuwar lamba a littafinka. In ka ga 24H, wuta tana fita dare da rana. In wani yaro ya mayar da ita 5H, to awa biyar kawai za ta yi bayan faɗuwar rana. Mutane sun sha kai lafiyayyar na'ura wurin mai gyara saboda wannan.

Wajen haɗa waya, batir ake fara sawa, sannan faifai, sannan fitilu. Daga batir na'urar take gane ko gidan na bolt 12 ne ko na 24. Wajen cirewa, faifai ake fara zarewa. Mai batir biyu da aka jera suka zama 24, ya ninka kowace lambar bolt ta darasin nan sau biyu: 14.4 ta zama 28.8, 11.8 ta zama 23.6.

Abu na ƙarshe kafin a tashi. Munazzim iri biyu ne, an rubuta a fuskarsu: PWM da MPPT. Na farko yana tafiya da ƙananan faifai masu bolt 18. Manyan faifan nan masu wat 500 da wani abu, ƙarfinsu yana kaiwa kusan bolt 50, kuma in ka haɗa su da PWM da batir mai bolt 12, fiye da rabin wutar asara ce, wata sa'a ma na'urar ta ƙone. Su MPPT suke buƙata.

Aikin gida

Ja layi uku a littafinka. Rubuta lambar gilashi bayan sallar asuba kafin rana ta fito, da lokacin azahar, da bayan isha'i. Yi haka kwana bakwai, da lambobin boko, ɗigo a wurinsa. Wanda ba shi da sola ya roƙi maƙwabcinsa ya bar shi ya duba tasa. Ranar darasi mai zuwa kowa ya zo da littafinsa, da takardar cikin kwali in ba a riga an ƙone ta ba.