Idan za ka nemi gudunmawa a taron unguwa

Jama'a, ga 'yar shawara ga masu tashi neman gudunmawa a taron unguwa, kamar na gyaran rijiyar burtsatse.

Fiye da shekara 2,300 da suka wuce, Aristotle, masanin falsafar Girka, ya ce abu uku ke sa a yarda da magana: halin mai maganar, yadda ta taɓa zuciya, da hujja. Mu kuwa kullum da kukan wahala muke farawa.

Fara da kanka. Kafin ka buɗe baki, ajiye naka kason a gaban mai unguwa, kowa ya gani. In a kwamitinku akwai wanda aka taɓa zargi da cin kuɗin jama'a, ku lallaɓa shi ya zauna a baya, don da ya miƙe kowa zai dafe aljihunsa.

Labari ɗaya ya isa: yarinyar da ke fita tun asuba da jarka a ka, ta makara makaranta. Kada ka ja har a ji kamar gori kake yi.

Sai takardar mai gyara: kuɗin famfo, kuɗin aiki, gida nawa, kowane gida naira nawa. Wanda zai riƙe kuɗin kuma, a ambaci sunansa a wurin.