Shawara ga masu son ɗaukar hoton awakin dutse a Birtaniya

Assalamu alaikum 'yan uwa na Maradi, musamman ɗalibai da 'yan kasuwa masu zuwa Birtaniya. In kun samu sarari ku leƙa garin Llandudno a arewacin Wales. Akwai wani ƙaton dutse, Great Orme, da ya kutsa cikin teku, tsayinsa mita 207, kuma a kansa awakin jeji ke kiwo. Farare ne masu dogon gashi da manyan ƙahoni, asalinsu daga Kashmir. Su ne suka sauko cikin gari a 2020 lokacin kullen korona suna cinye wa mutane shuke-shuke.

Kada ku ɗauka jar akuyarmu ta Maradi ce da za ka miƙa mata dusa ta biyo ka. Ba a ba su abinci, ba a matsa musu, balle mai ɗa ko bunsuru lokacin barbara. Tsaya nesa ka jawo hoton da waya.

Farin gashin nan shi ne matsalar. In rana ta take, hoton sai ya fito fari fat, babu ido babu gemu. Ku tafi da sassafe ko bayan la'asar, ku taɓa jikin akuyar a fuskar wayar, ku ɗan rage haske.

Iska kuma ba ta wasa a can. Babbar riga da silifas ku bar su a masauki, ku sa takalmi mai riƙe ƙasa. Kuma don Allah kada kowa ya ja da baya wajen gaɓar dutsen don teku ya fito a hotonsa.